Hankicin Libas

Kaka Caba ce ta aike ni. Da la'asar sakaliya ne, tana zaune a ƙofar ɗaki tana fifita da murfin kwano, ta ce in je bakin teku in rufe kifinmu da tampol kafin rana ta faɗi.

"Duba mini wayar nan tukuna, uwar karatu. Me 'yan birni suka ce yau?"

Kullum saƙon yanayi yakan shigo wayarta da Faransanci, ni nake karanta wa matan unguwarmu. A jikin tsofaffin jaridun da ake naɗe burodi na koyi haɗa baƙi, shi ya sa suke tsokanata. Ban ma duba ba, don na riga na karanta wa saurayina Libas da azahar.

"Talatin cikin ɗari, Kaka."

"Talatin ɗin me? Ruwan sama ne ko awon shinkafa?" Inna Jojo maƙwabciyarmu ce ta leƙo ta kan katanga. "Jiya ba saba'in suka ce ba? Muka kwashi kifi a guje har zanena ya kwance a gaban masunta, ko ɗigo bai sauka ba."

"Ai masuntan sun gode," in ji Kaka.

"Ji tsohuwar nan! Ke Aram, ki gaya wa masu saƙon nan su zo su zauna a ɗakina na yini ɗaya, su ji yadda ake dafa mutum ba wuta."

Gaskiya ta faɗa. Ƙarshen damina ne, kwana goma sha ɗaya rabonmu da ruwa. Kowace yamma hadari yakan haɗo daga gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, sannan ya watse. Iska ta tsaya cak. Laima ta cika gari. Gishiri yana narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa, wanki yakan kwana biyu a igiya ya sauko da tsami. Mutum ya fito daga wanka, kafin ya ɗaura zane ya sake jiƙewa.

Na ɗauki tampol, na ɗaura sabon kallabina. Kaka ta bi kallabin da kallo.

"Kifin ne za ki yi wa kwalliya?"

Na gyara ɗaurin na nufi ƙofa. Libas ya ce in same shi wajen kwalekwalensa bayan na gama, yana da abin da zai nuna mini. Ni kuwa tun azahar zuciyata take lissafin ranar kawo goro.

Kowa a garinmu ya san Libas. Bara, a irin wannan lokaci, guguwa ta kife jirgin kawunsa can bayan tsibiri. Su huɗu ne a ciki. Shi kaɗai ya dawo, bayan kwana biyu, ya fito daga ruwa da ƙafafunsa. Mako guda da haka ya zo rumfar da muke banda, ya tsaya cikin hayaƙi ya gaishe ni. Ni, wadda ƙaurin kifi ya kama har gashina, wadda ba a taɓa waiwayowa a kalla sau biyu ba.

Kullum da hankici a aljihunsa. Duk sanda ya zo sai ya fito da shi, ya goge mini goshi da wuya a hankali, ya ninke, ya mayar.

"Abu mai daraja ba ya ɗiga a ƙasa," haka yake cewa.

Nakan kwanta ina maimaita maganar nan har barci ya ɗauke ni.

Kaka ce kaɗai abin bai yi wa daɗi ba. Wata rana bayan ya tafi ta ce, "Ina yake kai shi?"

"Me?"

"Gumin naki. Mu ba ma ba da gumi, 'yar nan. Gumi gishiri ne, gishiri kuwa na teku ne. Abin da ke cikin ruwan can ba shi da ido, da gishirin jiki yake gane mutum. Uwarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shanya zanen aikinta a bakin ruwa ba sai ta ɗauraye shi a rijiya."

"Kai, Kaka! Ki dai ce kina so a goge miki naki."

"Da ina da haƙora ai da tuni na ƙwace shi," ta ce. Amma ba ta yi dariya ba.

Ranar da nake ba ku labari, da azahar, ya goge mini fuska da wani jan hankici. Ya tambaye ni ko za a yi ruwa. Da na ce talatin ne kawai, sai ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi. Duk garin ana roƙon ruwa, shi yana godiya. Na lura, amma na ce don kada haɗuwarmu ta ɓaci ne.

"Kada almuru ta same ki a can," Kaka ta ɗaga murya ina fita.

Shanyarmu tana can ƙarshen gaɓa, bayan gidajen ƙarshe, bayan tsohuwar kuka. Tafiya ce mai ɗan nisa. Yashin yana da ɗumi har ta cikin silifa. Na wuce masu gyaran koma suna tattara kayansu, na wuce mai sayar da zoɓo tana kife roba. Daga kukar nan ban ƙara haɗuwa da kowa ba.

Na rufe kifin, na danne tampol da duwatsu. Gumi yana bin bayana kamar tururuwa.

Sai na lura babu ƙuda.

Wurin da ƙudaje kan rufe mutum har baki, yau ko ɗaya. Babu tsuntsayen ruwa. Karnukan da ke kwana ƙarƙashin shanya ma sun tafi.

Rana ta zauna a kan ruwa, ja kamar garwashi. Teku ta kwanta lumui, kamar an zuba mata mai. A gabas kuwa hadarin nan na kullum ya fara haɗuwa, can nesa.

Kwalekwalen Libas yana shi kaɗai, an ja shi kan gungume, ya ɗan karkata. Sabon fenti, shuɗi da rawaya. Na kira shi. Shiru. Na zagaya ina murmushi, ina neman inda ya ɓoye abin da zai nuna mini. Na sunkuya na leƙa ƙasan goshin jirgin.

Akwai rubutu a wurin.

A garinmu ana rubuta suna a jikin jirgi da manyan baƙaƙe, a sama, inda ido zai gani: sunan shehi, ko na mahaifi, ko na ɗan fari. Ba a rubutu a ƙasa, inda fenti ya ƙare kwalta ta fara. Wannan wurin ruwa ne kaɗai yake ganinsa.

Da farin fenti aka rubuta, ƙanana. Aram 'yar Yande.

Yande sunan mahaifiyata ne. Ba a kiran mutum da sunan uwarsa sai a wuri biyu, wajen mai tsibbu da bakin kabari. Na tuna ranar da ya tambaye ni sunanta. Ya ce yana so ya riƙa sa ta a addu'a. Har hawaye na yi ranar.

A ƙasan rubutun an kafa ƙusa. A jikin ƙusar an ɗaura hankici. A jikinsa an ƙulla wani. Da wani. Da wani.

Igiya ce guda ta hankitai, ta sauka daga jirgin, ta miƙe bisa yashi, ta shige cikin ruwa.

Na san su. Ga farin da ya fara goge mini fuska da shi a rumfar banda. Ga shuɗin ranar Babbar Sallah. Ga mai ɗigo-ɗigo na ranar da zazzaɓi ya kama ni, ya zauna a gefena yini guda. Na kai hannu na taɓa. Duk a jiƙe suke. A wannan laimar ba abin da yake bushewa.

Shekarata guda ce a ƙulle a wurin.

Igiyar ta motsa a hannuna.

Ta miƙe. Ta yi tauri, kamar fatsa ta kama babban kifi.

Sai teku ta yi shiru.

An haife ni a cikin ƙarar raƙuman ruwa, ban taɓa sanin tana da ƙarshe ba. Ta ɗauke ɗif, kamar an rufe ƙofa. Ina jin bugun zuciyata. Ina jin gumi yana ɗiga daga haɓata bisa yashi.

"Aram."

Raɗa ce, daga bayana. Libas ne, yana tsaye a kan tudun yashi, da ɗan nisa. Cikin wannan zafin ya sa rigar ruwa ta masunta, mai ruwan ƙwai, ya ɓalla maɓallanta har wuya, ya ja hular ya rufe kai. Da takalman roba har gwiwa. Ko ɗigon guminsa ba zai fito ba.

"Libas, mene ne wannan?"

"Kada ki gudu. In kin gudu ya fi wuya."

"Me ka yi?"

"Shekara guda aka ba ni. A ƙarƙashin ruwa, Aram. Ba ki ga abin da na gani ba. An ce in kawo madadi kafin guguwar ƙarshe ta damina."

"Shi ya sa ka zo rumfarmu? Me ya sa ni?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ki da uba, ba ki da wa. Na ga ba mai..."

Bai ƙarasa ba. Ba sai ya ƙarasa ba.

A bayana wani abu ya ja numfashi.

Doguwar shaƙa ce, mai ruwa-ruwa, kamar saniya ta tsoma hanci a ƙwarya. Wani wari ya taso, na gansakuka da ruɓaɓɓen katako da ƙasan ruwa mai zurfi.

Na waiwaya.

Yana tasowa daga ruwa yana bin igiyar. Dogo ne, ya fi ƙofar masallaci. Wani abu kamar tsohuwar koma ya lulluɓe shi daga kai har ƙasa, ƙwanson dodon koɗi yana kaɗawa a jiki, ƙas, ƙas, ƙas. Ruwa yana kwarara daga gare shi ba ya ƙarewa. Inda ya kamata a ga idanu, fata ce sumul, fara kamar cikin kifi. Sai ramuka biyu suna buɗewa suna rufewa.

Ya ɗaga hankici ɗaya. Ya shaƙa. Ya saki. Ya kama na gaba.

Ba ya sauri. Yana koyon warina ne, wata bayan wata.

Na gudu.

Na bar silifa a wurin. Maganar Kaka ce take kaɗa mini a kai: ruwan daɗi, ruwan rijiya. Akwai duro biyu a bakin rumfar banda, da safen nan muka cika su. Na isa ina haki.

An kife su. Dukansu biyun. Yashin da ke ƙarƙashi yana da danshi har yanzu.

Libas ya yi tunanin komai. Wannan ya fi abin da ke bayana ciwo.

Gari ya yi nisa. Na faɗa cikin rumfar, na kutsa tsakanin murahu biyu, na durƙusa. Na dumbuzi toka na shafa a fuska, a wuya, a hannu. Gumi ya keto ta, ya yi hanyoyi. Na ƙara. Ya sake ketowa. Jikina da kansa yake kiran abin.

Na buɗe baki in karanta Ayatul Kursiyyu.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Ya bar igiyar. Yanzu sawuna yake bi.

Talatin cikin ɗari. Na ɗaga ido ta hujin kwanon rumfar. Sama ta yi baƙi. Haka ta yi jiya. Haka ta yi shekaranjiya.

Ya Allah, yau dai. Yau kaɗai.

Ruwa ya fara malalowa a ƙasan rumfar, mai sanyi, ya taɓa yatsun ƙafata. Na gishiri ne.

Ya tsaya a ƙofa. Ya toshe ɗan sauran hasken.

Ya shaƙa.

Kan ya juyo inda nake.

Sai wata iska ta bugi kwanon rumfar. Mai sanyi. Ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Tas. Ɗigo ɗaya bisa kwano.

Tas. Tas.

Sannan sama ta ɓalle gaba ɗaya.

Ruwa yana dukan kwano kamar ganguna ɗari, ni kuwa ina ƙarƙashinsa a bushe, cikin gumina. Rumfar da na ɓuya ita ce ta zama tarko. Ƙofa ɗaya ce, shi kuma ya shigo ta cikinta, ya sunkuyo, hannunsa yana laluben murhun farko.

Tsakaninsa da ginshiƙi akwai ɗan fili, ko kamu biyu bai kai ba.

Na rufe ido na afka.

Wani abu mai santsi ya gogi kafaɗata. Sanyinsa ya kai har ƙashi. Ya cafki kallabina. Na bar masa.

Na faɗi a waje, na tashi, na tsaya. Ban gudu ba. Gudu gumi ne. Na buɗe hannuwa, na ɗaga fuska. Ruwa ya dake ni, ya kwashe toka, ya bi gashina, ya cika bakina. Ba gishiri ko kaɗan.

Ya fito.

Ya zo har gabana. Da na miƙa hannu da na taɓa shi.

Ya sunkuyo. Ramukan nan biyu suka buɗe daidai goshina, daidai inda Libas yake gogewa.

Na daina numfashi.

Ya shaƙa. Ya sake shaƙa.

Ya juya hagu. Ya juya dama. Ya yi wani kuka ƙasa-ƙasa, kamar jirgi yana gogar dutse. Can bisa yashi ruwan sama yana ɗauraye hankitan nan ɗaya bayan ɗaya. Sawuna ya shafe. A duk faɗin gaɓar nan babu sauran Aram 'yar Yande.

Sai a wuri ɗaya.

Kansa ya ɗago a hankali, ya fuskanci tudun yashi.

Walƙiya ta haska. Libas yana nan inda yake, bai iya tafiya ba, bai iya matsowa ba. Ruwa yana zamewa daga rigarsa, ko ɗigo bai shiga ba. A aljihun ƙirjinsa, ƙarƙashin murfin roba, na hango bakin jan hankici.

Na azahar. Bai ƙulla shi ba.

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

"Aram?" Ya fara ja da baya. "Aram, me yake yi? Ga ki can! Ga ta can!"

Da yatsa yake nuna ni, ga abin da ba shi da ido.

Shi bai gane ba. Ni na gane. Kalma uku ce kawai: jefar da shi. Akwai lokaci. Na san akwai lokaci.

Na buɗe baki na yi ihu.

Tsawa ta faɗi a daidai wannan lokacin, ta haɗiye komai.

Da wata walƙiyar ta zo, babu kowa a kan tudun. Sai wata faffaɗar hanya a yashi, ta abin da aka ja, ta miƙe har bakin ruwa. Raƙuman ruwa suka dawo da ƙararsu, suka lashe ta.

A ƙofar gida na tarar da Kaka, cikin ruwan, da fitila a hannu. Ta kalli kaina ba kallabi, ta kalli ƙafata ba takalmi. Ta ja ni bakin rijiya ta ƙara kwara mini guga uku.

Aka ce guguwa ce ta ɗauke shi yana ƙoƙarin ɗaure jirginsa. Kwana bakwai masunta suna nema. Mata suka cika gidanmu suna mini ta'aziyya, har da masu kuka. Inna Jojo ta riƙe hannuna ta ce, "Wayyo 'yata, irin son da yaron nan ya yi miki. An ce har sunanki ya rubuta a jirginsa."

Na ce, "Haka ne, Inna. Ya rubuta."

Washegari na ɗauki wuƙar gyaran kifi na je na kankare sunan da hannuna.

Kaka ta ce abin da aka yi wa alkawarin mace aka ba shi namiji, ba lalle ya manta ba. Don haka yanzu akwai randa a ƙofar ɗakina, ta ruwan sama zalla. In ƙarshen damina ya zo, iska ta tsaya, gishiri ya fara narkewa a kwano, ina karanta wa mata saƙonsu kamar kullum. In bai kai hamsin ba, ba na wuce tsohuwar kuka.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me ya hana shi ƙulla jan hankicin nan. Mantuwa ce, ko shi kaɗai ya so ya riƙe? Ba na daɗewa a kan wannan. Tambayar da take hana ni sukuni daban ce. Na yi ihu, wannan gaskiya ne. Amma an haife ni a bakin teku. Na san tazarar da ke tsakanin walƙiya da tsawa.

Bana wani tela daga garin Mbur ya fara zuwa gaishe da Kaka. Mutumin kirki ne, mai kunya. Ranar nan muna zaune ana zafi, ya ga goshina ya jiƙe, ya sa hannu a aljihu.

Na riƙe wuyan hannunsa tun kafin ya fito da shi.

"Bar shi," na ce. "Ya ɗiga a ƙasa."